Rundunar Sojin Sama ta Najeriya: kafuwarta, tsarinta, da abin da ya ajiye sansanoninta inda suke

Tambaya: Malam, a wace shekara aka kafa rundunar sojin sama ta Najeriya, yaya tsarin shugabancinta yake, kuma me ya sa ake cewa cibiyar jiragen yaƙinta tana Makurɗi alhali faɗan da ake yi yana Borno da Zamfara?

Amsa: Ɗan'uwa, gajeriyar amsa ita ce an kafa rundunar bisa doka a ranar 18 ga Afrilun 1964, shugabanta shi ne Babban Hafsan Sojin Sama wanda ofishinsa yake Abuja, Makurɗi kuwa ta samu matsayinta ne a zamanin da ake shirya rundunar domin tunkarar sojojin wata ƙasa, ba domin farautar 'yan bindiga a cikin daji ba. Sai dai wannan ba zai gamsar da kai ba idan ba a bi tarihin daki-daki ba, domin kusan kowane sansani da rundunar take da shi a yau, wani abu ne da ya faru ya ajiye shi a wurin.

Lokacin da Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960 tana da sojan ƙasa da ƙaramar rundunar ruwa, amma ba ta da ko jirgin soja guda. Da rikicin Kwango ya ɓarke aka tura dakarunta aikin wanzar da zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, jiragen wasu ƙasashe ne suka riƙa kai su suna dawo da su. Ƙasar da ke ganin kanta a matsayin babbar yayar Afirka, amma sai ta jira wani ya ɗauki sojanta, wannan abu bai yi wa gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa daɗi ba. A farkon 1962 gwamnati ta amince da a kafa rundunar sama, kuma a wannan shekarar aka tura rukunin farko na ɗaliban tuƙi zuwa Habasha, daga baya wasu suka tafi Kanada da Indiya.

Abin da ya kamata ka lura da shi a nan shi ne wanda aka ba aikin gina rundunar. Birtaniya ce ta raini sojan ƙasa da na ruwa, saboda haka da an bi al'ada ita za a nema. Amma a Janairun 1962 aka soke yarjejeniyar tsaro da ke tsakanin ƙasashen biyu bayan zanga-zangar ɗalibai da sukar 'yan adawa, kuma a irin wannan yanayi miƙa wa tsohuwar uwargijiya sabuwar runduna ba abu ne mai sauƙi a siyasance ba. Jamus ta Yamma aka nufa. Tawagar hafsoshinta ta iso a 1963, ta kafa cibiyar horo a Kaduna, ta zo da ƙananan jirage irin su Piaggio 149 na koyon tuƙi da Dornier 27 na zirga-zirga. Shugabannin rundunar biyu na farko ma Jamusawa ne, Kanar Gerhard Kahtz da Kanar Wolfgang Thimmig, wanda shi na biyun tsohon matuƙin jirgin yaƙin dare ne tun a yaƙin duniya na biyu. Wannan shi ne asalin zaman Kaduna uwar sansanonin rundunar, kuma har yau duk wanda zai zama matuƙi ko makaniken jirgin soja, da wuya bai ratsa ta Kaduna ba.

Jamusawa ba su gama aikinsu ba. Juyin mulkin Janairun 1966 ya sa Thimmig ya tafi, aka naɗa Laftanar Kanar George Kurubo, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin. Shi da mutum biyu da suka biyo bayansa, Shittu Alao da Emmanuel Ikwue, duk daga sojan ƙasa suka fito, domin yaran da aka tura koyon tuƙi ba su kai girman riƙe runduna ba tukuna. Haka yaƙin basasa ya riski rundunar a Yulin 1967, tana da shekara uku kacal, ba ta da jirgin da aka ƙera domin faɗa ko ɗaya. Biyafara ce ma ta riga ta jefa bam daga sama, da wani tsohon jirgi samfurin B-26 da ta saya.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta nemi jiragen yaƙi a wurin Birtaniya da Amurka, duka biyun suka ƙi. Tarayyar Sobiyet ba ta yi wata-wata ba. A Agustan 1967 jiragen MiG-17 suka fara isowa ta filin jirgin saman Kano, aka samu L-29 daga Cekoslobakiya, daga bisani kuma aka ƙara da masu jefa bam samfurin Il-28. Da yake babu isassun matuƙa 'yan ƙasa, Misirawa da sojojin haya ne suka tuƙa da yawa daga cikinsu. Ba zan ce rundunar ta yi abin a zo a gani a wannan yaƙi ba. Ta kasa rufe filin jirgin saman Uli, wanda ta nan ake shigar wa Biyafara da abinci da makamai cikin dare, an zarge ta da jefa bama-bamai a kasuwanni da asibitoci, kuma a Yunin 1969 wani MiG-17 ya harbo jirgin ƙungiyar agaji ta Red Cross. A Mayun wannan shekarar kuma wani Baswiden mai suna Carl Gustaf von Rosen ya zo da 'yan ƙananan jirage biyar da aka ɗaura wa rokoki, ya kai wa jiragen gwamnati hari suna ajiye a Fatakwal da Benin da Inugu. Shi kansa shugaban rundunar, Kanar Shittu Alao, a hatsarin jirgin L-29 ya rasu a Oktoban 1969.

Yaƙin ya bar wa rundunar gado iri biyu, kuma duka biyun suna tare da ita har gobe. Na farko shi ne tsoron dogaro da mai sayarwa guda: tunda abokai sun juya baya a ranar buƙata, sai aka ɗauki ɗabi'ar sayen jirgi daga kowace kusurwa ta duniya. Na biyu shi ne Makurɗi. Garin yana bakin kogin Binuwai, arewa kaɗan da fagen daga, don haka daga can aka riƙa tashi ana kai hare-hare. Da yaƙi ya ƙare kuɗin man fetur ya shigo, aka zo gina sansanin jiragen yaƙi na dindindin, sai aka ga Makurɗi ta dace ta wata fuskar kuma: tana kusa da tsakiyar ƙasa, ta yi nisa da teku yadda jirgin ruwan abokan gaba ba zai iya yi mata ruwan wuta ba, ta yi nisa da iyakar arewa, amma ba ta yi nisa da iyakar Kamaru ba, wadda a wancan zamani ita ce maƙwabciyar da ake yawan samun saɓanin iyaka da ita. Wanda yake tunanin yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa, ba zai zaɓi wurin da ya fi nan ba.

Daga 1975 zuwa tsakiyar shekarun 1980 rundunar ta ga zamanin da ba ta sake ganin irinsa ba. A 1975 John Yisa-Doko, ɗaya daga cikin ɗaliban da aka tura Habasha, ya zama shugaba na farko da ya tashi a cikin rundunar tun daga tushe, kuma a zamaninsa aka bar amfani da sunayen muƙaman sojan ƙasa aka koma irin na sojin saman Birtaniya. Shi ya sa a yau kake jin Gurup Kyaftin a madadin Kanar, Iya Bayis Mashal a madadin Manjo Janar, Iya Mashal a madadin Laftanar Janar. A wannan tsakani aka sayo MiG-21 daga Sobiyet, da C-130 masu ɗaukar kaya daga Amurka, da Alpha Jet ƙirar haɗin gwiwar Faransa da Jamus, da MB-339 da G.222 daga Italiya, da L-39 daga Cekoslobakiya, sannan a 1984 aka kawo jiragen Jaguar 18 daga Birtaniya.

A takarda wannan runduna ce da babu kamarta a Afirka ta Yamma. A aikace kuwa kowane samfuri yana buƙatar nasa makanikai, da nasa kayan gyara, da nasa littattafan aiki, da nasa harsasai, kuma kusan duk da kuɗin waje ake sayensu. Da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube, sai jirage suka fara zama a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Jaguar ba su cika shekara goma suna tashi ba. Akwai kuma siyasar bariki: hafsoshin sojin sama na cikin waɗanda aka harbe a Maris ɗin 1986 bisa zargin yunƙurin juyin mulkin da aka danganta da Manjo Janar Mamman Vatsa, kuma masu bin tarihin rundunar da dama suna ganin tun daga lokacin gwamnatocin soja suka daina sakin jiki da ita. Takunkumin makamai da ƙasashen Turai suka saka bayan kisan da gwamnatin soja ta yi wa ɗan fafutuka Ken Saro-Wiwa a 1995 ya ƙarasa abin da ya rage. Mafi munin abin da ya faru a wannan zamani shi ne faɗuwar C-130 a Ejigbo da ke Legas ranar 26 ga Satumban 1992, jim kaɗan bayan tashinsa, inda fiye da mutum 150 suka rasu, akasarinsu matsakaitan hafsoshi ne da ke kwas a kwalejin horar da manyan hafsoshi ta Jaji.

Duk da haka, a cikin wannan ƙunci ne Alpha Jet da C-130 suka riƙe dakarun ECOMOG, wato dakarun wanzar da zaman lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma, a Laberiya daga 1990, da kuma Saliyo bayan nan. Wato burin da ya haifi rundunar, na Najeriya ta kai sojanta da kanta, ya cika ne a daidai lokacin da take mafi rauni.

Yanzu ga tsarin. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 217, ya tanadi rundunoni uku, ta ƙasa da ta ruwa da ta sama, sashe na 218 kuma ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa shugabanninsu a matsayinsa na babban kwamandan askarawa. Babban Hafsan Sojin Sama mai muƙamin Iya Mashal ne. Ta fuskar kuɗi da manufofi yana aiki da Ma'aikatar Tsaro, ta fuskar ayyukan haɗin gwiwa kuma da Babban Hafsan Tsaro. A hedikwatar Abuja akwai sassa da ke kula da tsare-tsare, da horo da ayyukan yaƙi, da injiniyancin jirage, da samar da kayan aiki, da sadarwa, da tattara bayanan sirri, da mulki, da lafiya, da kuɗi, da duba ingancin aiki. Adadin waɗannan sassa yakan sauya da sauyin shugaba, don haka ba shi ne abin riƙewa ba.

Abin riƙewa shi ne manyan rundunoni shida da ke ƙarƙashin hedikwata, kowace da kwamandanta mai muƙamin Iya Bayis Mashal. A ƙarƙashin kowace akwai rukunoni, rukuni ya kasu zuwa rassa, reshe kuma ya kasu zuwa ayarori, kuma ayari shi ne inda jirage da matuƙansu suke a zahiri. Babbar cikinsu ita ce rundunar dabarun yaƙi da ke Makurɗi, wadda ma'aikata suke kira TAC. Ita ke da rukuni na 101 na tsaron sararin sama a nan Makurɗi, inda F-7 ƙirar Sin da JF-17 guda uku da aka karɓa daga Pakistan a 2021 suke. Ita ce kuma ke da rukuni na 103 na kai farmaki a Yola, da na 105 a Maiduguri, da na 107 a Benin mai sintiri a kan ruwa da jiragen ATR-42, da na 115 a Fatakwal, gidan jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Mi-35. To ka ga ke nan zaman hedikwata a Makurɗi ba ya nufin daga can kowane jirgi yake tashi. Tsakanin Makurɗi da Maiduguri akwai tazarar kusan kilomita 700 a miƙe, tsakanin Yola da Maiduguri kuwa kimanin 300 ne. Jirgin da ya taso daga Makurɗi zai ƙone mai mai yawa kafin ya isa dajin Sambisa, sai ya zama ba shi da lokacin shawagi a kan abin da ya zo nema. Saboda haka Yola da Maiduguri ne suka ɗauki nauyin yaƙin arewa maso gabas.

Rundunar horo ta sama tana Kaduna. Ɗalibin tuƙi yana farawa ne a makaranta ta 401 a Kaduna da ƙananan jirage masu farfela, irin su Super Mushshak na Pakistan. Wanda aka ga zai iya jirgin yaƙi sai ya wuce makaranta ta 403 a Kano, inda ake koyo da L-39, wanda aka ware wa jirgi mai saukar ungulu kuma ya nufi Inugu. Daga nan mai jirgin yaƙi zai je rukuni na 407 a Kainji, inda ake koyon harbi da jefa bam. A 2017 aka raba tsohuwar rundunar horo gida biyu, aka kafa rundunar horo ta ƙasa a Inugu domin ma'aikatan da aikinsu ba tashi sama ba ne. Rundunar samar da kayan aiki tana Legas, kuma a Ikeja, a sansanin Sam Ethnan, babbar ma'aikatar gyaran jirage ta 631 take.

Saura biyu. Rundunar jigila, wadda ke kula da ɗaukar dakaru da kaya, an kafa ta a 2011 da hedikwata a Yenagoa, duk da cewa manyan jiragenta na C-130 suna Ikeja a rukuni na 301, matsakaita suna Ilori a na 303, masu ɗaukar manyan jami'ai kuma suna Abuja a na 307. Rundunar ayyuka na musamman an kafa ta a Bauci a 2016. Ba laifi ba ne mutum ya lura cewa Yenagoa babban birnin jihar shugaban ƙasa na wancan lokaci ne, Goodluck Jonathan, Bauci kuma jihar shugaban rundunar ce na lokacin, Iya Mashal Sadique Abubakar. Ana iya kawo hujjar tsaro ga kowanne, yankin mai ga na farko, kusanci da arewa maso gabas ga na biyu, amma a ganina wanda ya ce taswira kaɗai aka duba bai faɗi gaskiya duka ba.

Akwai wata dabara da za ta sauƙaƙa maka karatun labarai. Lambar farko ta sunan rukuni galibi tana nuna rundunar da yake ƙarƙashinta: 1 ta Makurɗi ce, 2 ta Bauci, 3 ta jigila, 4 ta horon sama, 5 ta horon ƙasa, 6 ta kayan aiki. Waɗanda suka fara da sifili, kamar ayarin jiragen shugaban ƙasa mai lamba 011, kai tsaye suke amsa umarni daga Abuja. Idan ka ji an ce rukuni na 207 da ke Gusau ko sansani na 213 da ke Katsina, ka san daga Bauci ake juya su.

Waɗannan lambobi masu farawa da 2 su ne amsar rabin tambayarka ta ƙarshe. Boko Haram ta samu rundunar ba a shirye ba. Jiragen F-7 da aka karɓa daga Sin kafin rikicin ya yi tsanani, guda 15 idan an haɗa da na horo, jikokin MiG-21 ne: an ƙera su domin su tashi da sauri su tare jirgin abokan gaba su dawo, ba domin su yi ta kewaya daji suna neman mutane a kan babura ba. Tsofaffin Alpha Jet, waɗanda asalinsu na horo ne, su aka tayar suka zama dokin yaƙi. A ranar 2 ga Disamban 2013 mayaƙan ƙungiyar suka kutsa sansanin Maiduguri suka ƙona jirage a ƙasa, ciki har da masu saukar ungulu biyu. Darasin da von Rosen ya koyar a 1969 ya maimaita kansa, cewa jirgi a ajiye ya fi komai rauni. Daga nan aka mayar da hankali ga dakarun ƙasa na rundunar, waɗanda ake kira rajimanti, aka ƙara yawansu, aka horar da wasu a matsayin dakaru na musamman. Mutane da yawa ba su san cewa sojan sama da ke riƙe da bindiga a shingen bincike ba aron sa aka yi ba, aikinsa ke nan tun ranar da aka ɗauke shi.

Da ta'addancin 'yan bindiga ya bazu a arewa maso yamma, sai sansanoni suka bi shi: Gusau, Katsina, Sakkwato, Birnin Gwari, Minna. Yawancinsu ba manyan sansanoni ba ne irin Makurɗi ko Kaduna. Wuraren tsayawa ne na gaba, inda jirgi zai sha mai, a ɗora masa makamai, matuƙa su kwana kusa da fagen aiki. A yaƙe-yaƙen cikin gida kuma rundunar ba ita kaɗai take aiki ba. Kowane shiri na haɗin gwiwa, kamar Haɗin Kai a arewa maso gabas, wanda kafin 2021 ake kira Lafiya Dole, ko Fansan Yamma a arewa maso yamma, yana da ɓangaren sama da nasa kwamandan, wanda ake ba aron jirage da matuƙa daga rukunoni daban-daban. Rundunonin nan shida su ke horarwa da gyara da ajiya, kwamandan fagen daga kuma shi ke cewa ga inda za a kai hari.

Batun Super Tucano ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya tattara matsalolin rundunar wuri guda. Jirgi ne mai farfela, asalinsa ƙirar kamfanin Embraer na Barazil, ba shi da gudun jet, kuma wannan rashin gudu shi ne amfaninsa: yana iya daɗewa a sama, matuƙinsa yana ganin ƙasa sosai, kuɗin tafiyar da shi kaɗan ne, kuma yana ɗaukar bama-bamai masu bin saiti. Najeriya ta daɗe tana nemansa. Amurka, wadda a 2014 ta hana Isra'ila sayar wa Najeriya jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Cobra saboda zargin take haƙƙin ɗan'adam, ta ja ƙafa. Ana dab da kammala magana sai jirgin rundunar ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno ranar 17 ga Janairun 2017, fiye da mutum 100 suka mutu, har da ma'aikatan agaji, gwamnatin Obama ta dakatar da cinikin. Gwamnatin Trump ce ta sake buɗe shi a wannan shekarar. Jirage 12 aka saya a kan kusan dala miliyan 500, shidan farko suka sauka a Kano a Yulin 2021, aka kai su Kainji, inda injiniyoyin sojan Amurka suka gina musu rumfuna da ma'ajiyar makamai. Haka Kainji, wadda a da makarantar harbi ce kawai, ta zama ɗaya daga cikin sansanonin da suka fi muhimmanci a ƙasar.

Rann ba shi ne kuskure na ƙarshe ba, kuma duk wanda yake son rundunar bai kamata ya ɓoye wannan ba. Bam daga sama bai san ɗan bindiga da makiyayi ba, abin da aka gaya wa matuƙi shi yake bi, don haka ingancin hari yana rataye ne a kan ingancin bayanan sirri da kuma fahimtar juna tsakanin na ƙasa da na sama. Amma adalci ya sa a rarrabe: harin Tudun Biri na jihar Kaduna a Disamban 2023, wanda mutane da dama suke jingina wa sojin sama, jirgi maras matuƙi ne na rundunar sojan ƙasa ya kai shi, kuma ita ce ta amsa. Wannan ya tayar da wata muhawara da ba a gama ba, ta ko ya dace kowace runduna ta mallaki jiragen kai hari nata, ko a bar wa masu sama abinsu. Ni ina ganin ko wa zai mallaki jirgin, wajibi ne hannu ɗaya ya riƙe ikon sararin saman fagen daga. Su ma matuƙan suna biyan nasu farashin. A Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin ya yi tsalle da lema ya tsira, wata biyu kafin nan kuma jirgin King Air na rundunar ya faɗi a Kaduna da Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutum goma, duka suka rasu.

Ɗabi'ar nan ta 1967, ta sayen jirgi daga kowace kusurwa, ba ta gushe ba. A yau rundunar tana tafiyar da jirage daga Sin da Pakistan da Rasha da Amurka da Italiya da Faransa, ga masu saukar ungulu samfurin T129 daga Turkiyya, ga kuma odar M-346 guda 24 daga kamfanin Leonardo na Italiya, waɗanda ake sa ran su gaji Alpha Jet. Hujjar rarraba ƙafa a fili take, domin babu ƙasar da za ta iya tsayar da rundunar gaba ɗaya da takunkumi. Tsadarsa kuma tana kan makanike da mai ajiyar kaya: yaƙin Rasha da Yukiren kaɗai ya isa ya wahalar da duk mai neman kayan gyaran Mi-35. Idan ka ga an rubuta cewa ƙasa tana da jirage kaza, tambayar da masu sana'ar suke yi ita ce nawa ne za su iya tashi da safiyar yau. JF-17 guda uku, alal misali, ba su kai ayari ba, domin idan ɗaya yana wurin gyara ɗaya yana horo, ɗaya ne ya rage.

Ƙoƙarin ƙera na gida ma a Kaduna ya samo asali. A can aka harhaɗa ƙananan jiragen horo na Air Beetle a shekarun 1990, a can kuma cibiyar fasaha ta rundunar take, wadda ake kira AFIT, wadda yanzu take karɓar ɗalibai farar hula tana ba da digiri. A 2013 aka ƙaddamar da jirgi maras matuƙi na gwaji, aka raɗa masa suna Gulma, a Fabrairun 2018 kuma aka fito da wanda ya fi shi, da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Fotugal, aka kira shi Tsaigumi. Wanda ya zaɓi sunayen ya san aikin da aka yi su dominsa, wato su leƙa su dawo su ba da labari. Jiragen marasa matuƙi da ke ɗaukar makamai a fagen daga kuwa, irin su CH-3 da Wing Loong II ƙirar Sin, har yanzu daga waje ake sayo su.